Darasi na 9: Jarkar Fetur da Farantin Sola a Fadamun Jega, Aliero da Maiyama

Da an idar da sallar asuba a watan Janairu, hunturu na kaɗawa, sai hanyoyin da ke gangarawa fadama daga Jega su cika da babura. Kayan da ke kansu kusan iri ɗaya ne: injin ban ruwa ɗaure a baya da roba, tiyo a nannaɗe kamar gammo, ga jarka maƙale a gaba. Mai lambu na isa bakin rijiyarsa zai sauke inji, ya ɗura masa ruwa ta sama don ya kama, ya zuba mai, ya ja igiya. In ya ƙi tashi, ya kwance fulogi ya hure, ya goge a gefen riga, ya mayar, ya sake ja. Can sai a ji ya ɗauka. Ruwa ya yi tsartuwa daga bakin tiyo, yaro ya sheƙa da fartanya yana buɗe masa hanya daga wannan fangali zuwa wancan. Kafin hantsi ya dubi ludayi fadamar ta ɗauki ruri, ƙaurin hayaƙi ya gauraya da ƙamshin ɗanyar ƙasa.

Haka ake wayar gari a lambunan albasa na Aliero da Sabiyel, haka a Kimba, haka a Mungadi da Sambawa ta wajen Maiyama. Ruwan yana ƙarƙashin gonar manomi. Irin albasa shi ya tanadi abinsa tun bara. Ƙarfin aiki nasa ne da na 'ya'yansa. A cikin kayan nan duka, abin da ba shi da ta cewa a kansa shi ne wanda ke cikin jarka, domin a garuruwan da bai taɓa zuwa ba ake yanka farashinsa, da kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, wato dala.

Daga jigo zuwa inji

Dattawan yankin sun ga zamanin da ba haka ake yi ba. Jigo ake kafawa a bakin gulbi ko rijiya: doguwar sanda a kan gwafa, guga a gaba, curin laka a baya don ya rinjaya. Mutum ya yini yana sunkuyawa yana miƙewa, abin da zai shayar bai wuce ɗan fili ba. Tuwon da mai jigo ya ci shi ne fetur ɗinsa. Ita kanta kasuwar Jega, wadda ta yi suna tun ƙarni na 19 a matsayin mahaɗar fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, a bayan jakuna da raƙuma ta girma, da kwale-kwalen da ke bin Gulbin Zamfara.

Tun daga shekarun 1980 ayyukan raya noma da Bankin Duniya ya tallafa suka fara kawo rijiyar bututu mai gajeren zurfi da ƙaramin injin fetur, shirin Fadama na ƙasa ya ɗora a farkon shekarun 1990. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, in ji masu iya magana, to an tona. Mutum ɗaya da inji ya koma shayar da filin da masu jigo goma ba za su iya ba, albasar Aliero ta riƙa cika manyan motoci zuwa Legas da Anaca da Fatakwal. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya, noman shinkafar rani ya bunƙasa, masana'antun casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suka sami abin sarrafawa. A 2015 litar fetur naira 87 ce a farashin gwamnati, a 2016 ta koma 145. Ba wanda ya tsaya yana tambayar a kan me aka ɗora wannan arziki. A kan fetur mai araha aka ɗora shi.

Tafiyar lita ɗaya kafin ta iso Jega

Nijeriya ƙasar mai ce. An gano shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. An gina matatu huɗu mallakar gwamnati, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri a 1978, ɗaya a Kaduna a 1980, waɗanda a takarda za su iya tace ganga 445,000 a rana. Amma an yi shekaru da yawa ba sa aikin kirki, har ta kai kusan duk fetur ɗin da ake sha a ƙasar daga waje jiragen ruwa ke kawo shi, yawanci daga tashoshin Holan da Beljiyam. Kamar manomin da zai sayar da shansherarsa ne da araha, ya dawo ya saye ta a buhun kanti da tsada, har da biyan kuɗin motar kaiwa da kawowa.

An shimfiɗa bututu daga Kaduna zuwa ma'ajiyar mai ta Gusau domin man ya matso kusa da mutanen Sakkwato da Kebbi. Da bututun ya daina aiki sai nauyin ya koma kan tanka. Tankar da ta yi lodi a Legas za ta bi Ibadan da Ilori, ta haye kogin Kwara a Jebba, ta wuce Mokwa da Kwantagora da Yawuri da Koko, ta ratsa Maiyama, sannan ta iso Jega, tafiyar sama da kilomita 800 a kan hanyar da direbobi suka san halinta. Ita ma tankar dizal take sha, wanda direbobi ke kira gas. A 1975 aka kafa asusun biyan kuɗin wannan dako don lita ta zo farashi ɗaya a kudu da arewa. Ga kuma tallafi, wanda a shekarar 2022 kaɗai ya ci sama da naira tiriliyan 4. Wani kaso na man da aka tallafa ma ba a Nijeriya ake shansa ba. Kebbi na iyaka da Nijar da Binin, jarkoki kuwa sun san hanyar daji, har a Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin. Cikin kwana biyu zuwa uku litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ake canzawa wajen naira 460 a banki ta wuce 1,500 a farkon 2024. A Oktoba 2024 lita ta tsallake naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Kuɗin dakon da ake ɗauke wa arewa shi ma ya tsaya, nisa ya koma kan mai saye. Wanda ke ƙauye kuwa, a hannun 'yan bunburutu yake saye, ya biya nasu ɗorin.

Manoma da dama sun rage fili a noman rani bayan cire tallafin. Ɗan kabu-kabu ya ƙara kuɗi, mai niƙa ya ƙara, mai motar da ke ɗaukar albasa ya ƙara. Maganar da aka fi ji a bakin masu lambu ita ce mai ya cinye riba.

Matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumba 2024, ta kuma rage shigo da shi daga waje ƙwarai. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai ɗanyen man da take tacewa da farashin kasuwar duniya ake auna shi, wani ma daga Amurka take sayo shi. Ko an tace a gida, in dala ta motsa jarkar mai lambu za ta ji a jikinta, kuma kilomita 800 ɗin nan tana nan ba ta ragu ba.

Lissafin da ya kamata a yi da alƙalami

Yawancin masu lambu sun san nawa suka sayar da buhu, kaɗan ne ke rubuta abin da suka zuba wa inji, saboda kuɗin mai a tsattsage yake fita, yau galan gobe rabin galan. Ga misali na koyon lissafi, alƙaluman ƙiyasi ne, kowa zai iya musanya su da nasa.

A ɗauka mai albasa na ƙona lita 5 a kowane ban ruwa, sau biyu a mako, tsawon mako 14 daga dashe zuwa cira. Ban ruwa 28 ke nan, lita 140. A naira 200 kuɗinsa naira 28,000. A naira 900 ya zama 126,000. Shinkafa ta fi albasa ƙishirwa nesa ba kusa ba. In mai ita na ƙona lita 8 sau 45 a kaka ɗaya, lita 360 ke nan: naira 72,000 a tsohon farashi, 324,000 a sabo.

Yanzu a ɗauka an yi wa mutum tayin injin sola da farantansa a kan naira 600,000. Mai albasa kaɗai zai yi kusan shekara biyar kafin kuɗin man da ya huta saye ya biya injin. Wanda ke yin albasa da shinkafa duka, yana kashe 450,000 a shekara, bai cika shekara biyu ba ya fanshe. Inji ɗaya ne, farashi ɗaya, amma ga wani riba ce ta kusa, ga wani jiran gawon shanu. Abin da ya raba su shi ne yawan kwanakin da injin ke aiki a shekara. Shi ya sa maƙwabta uku ko huɗu da suka haɗa kuɗi suka sayi guda, suna karɓa-karɓa, suka fi wanda ya saya shi kaɗai ya jingine a ɗaki wata takwas dabara. In har sun iya zama lafiya a kan ranar wa ce yau, wanda shi ma aiki ne.

Abin da ke bisa kai

Abin da ke fara ɗaure wa mutane kai game da injin sola shi ne shirunsa. Ruwa na zuba, ba ƙara, ba hayaƙi. Dattijon da ya fara ganinsa yakan zagaya shi ya ce, "Kai yaro, ina igiyar da ake ja?" A ce masa, "Baba, wannan ba a jan sa, rana ce ke tashe shi."

Yadda yake aiki ba wuyar fahimta. Farantin, wanda masu shago ke kira fanel, an yi shi da siraran ɓawo na sinadarin silikon. In haske ya sauka a kansu sai su fitar da lantarki, waya ta kai shi ga wani ɗan akwati mai daidaita wuta, shi kuma ya juya injin. Na ban ruwa da yawa ba sa bukatar batir sam: rana ta fito su fara, ta yi sanyi su rage, ta faɗi su tsaya. Wannan ne ya sa ban ruwa ya fi kowane aiki dacewa da sola, don batir shi ne abin da ya fi tsada ya kuma fi saurin mutuwa a kayan sola na gida. Haske faranti ke so, zafi ba ya ƙara masa komai, hasali ma tsananin zafin watan Afrilu yana ɗan rage masa ƙarfi. Da yake Jega da kewayenta na wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, ana ɗan karkata farantin ya dubi kudu, a kuma ɗaga shi daga ƙasa iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsa.

Arewa maso yammacin Nijeriya na cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a ƙasar, kuma masana na yankin sun daɗe da sanin haka. Tun farkon shekarun 1980 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda aka ƙera na'urorin busar da kayan gona da na dafa abinci da rana, da murhu mai tsimin itace. A Yamai, Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar birnin ke ɗauke da sunansa, ya fara shugabantar ofishin makamashin rana a 1969. Ilimin ba sabo ba ne, tsada ce ta tsare shi a ɗakin bincike. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faranti ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a duniya, saboda masana'antun Sin sun shiga ƙera shi da yawa. Da fetur ya hau sola ta sauko, sai suka yi kiciɓis a kasuwar Jega.

Mutane ma sun riga sun yi irin wannan sauyi sau ɗaya ba tare da wani ya yi musu gangami ba. Ina fitilar ƙwai? Shekara ashirin da suka wuce kowane gida sai ya aiki yaro da kwalba sayen kananzir da magariba. Tocila mai caji da fitilar sola suka zo da haske mai kyau a kuɗi kaɗan, kananzir ya yi tsada, aka rataye fitilar ƙwai a bango ta yi tsatsa. Masu shagon cajin waya da yawa su ma sun kashe janareta sun ɗora faranti a kan rufin kwano.

A 2024 gwamnatin Jihar Kebbi ƙarƙashin Gwamna Nasir Idris ta raba wa manoman rani dubban injinan ban ruwa na sola. Ya taimaka, musamman wajen sa mutane su gani da idonsu a gonar maƙwabci. Amma manoman rani a jihar sun ninka adadin injinan sau da yawa, yawancinsu da kuɗinsu za su saya ko da bashi. Abin da zai fi rabo tasiri shi ne bashin da ake biya bayan an cire amfani, da matasan da suka iya gyara. Jami'ar kimiyya da fasaha da jihar ta kafa a Aliero a 2006 tana tsakiyar gonakin albasa, ba inda ya fi ta dacewa da horar da irin waɗannan masu gyara da gwada kayan da ke shigowa kasuwa.

Inda gizo ke saƙa

Araha ba ta ado. Kasuwa cike take da farantan da aka rubuta musu ƙarfin da ba su da shi, da tsofaffin da aka wanke aka sa a kwali. Mai saye ya nemi a gwada masa a rana tsaka da na'urar awo kafin ya biya, ya karɓi rasit mai nuna wa'adin garanti. Ya kuma san zurfin rijiyarsa da girman filinsa kafin ya je shago, domin injin da ya wadatar da kadada rabi ta albasa ba zai ɗauki kadada biyu ta shinkafa ba. Ƙananan injinan sola ba su kai na fetur mai inci uku ƙarfin turo ruwa ba. Aikin da aka saba gamawa cikin awa uku zai iya cin yini, sai an sake tsarin ban ruwan gaba ɗaya, a bi fili ɓangare-ɓangare.

Sai hazo. A Disamba da Janairu, daidai lokacin da dashe ke bukatar ruwa, ƙurar hunturu na dushe rana ta kuma kwanta a kan faranti. Ana share shi da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi. Ga ɓarayi kuma: faranti ba ya kwana a fadama shi kaɗai, ko a ɗauko shi kullum a amalanke ko a yi gadi. Saboda waɗannan dalilai masu lura ba sa sayar da tsohon injinsu na fetur, suna ajiye shi don ranar da gari ya yi duhu.

Ga masu sola ta gida akwai batun mataccen batir. Batir mai ruwan nan cike yake da dalma, kuma mutanen yankin nan ba sa bukatar a faɗa musu illar dalma bayan ɗaruruwan yaran da ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Ba a fasa batir a tsakar gida, ba a bar wa yara shi, a mayar wa dila ya musanya.

Akwai kuma wata matsala da ba ta iso ba tukuna amma tana hanya. Tsadar fetur ce ke sa mutum kashe inji da zarar fangali ya cika. In ruwan ya zama kamar kyauta, me zai sa ya kashe? A sassan Indiya inda manoma suka sami wutar ban ruwa kusan kyauta, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta nitsewa shekara bayan shekara har ƙananan rijiyoyi suka ƙafe. Ruwan fadama ambaliyar damina ce ke mayar da shi, yana da iyaka, kuma rijiyar maƙwabci daga tulu ɗaya take sha da ta kowa.

Tsimi, wanda ba ya bukatar jari

Wanda bai da naira dubu ɗari shida fa? Shi ma akwai litocin da zai iya ƙwatowa daga bakin inji. A dubi tiyon da ke yawancin gonaki: ya tsage a wuri uku, an ɗaɗɗaure da robar tayar keke, ruwa na feshi a hanya kafin ya isa shuka. Kowane ɗigo da ya zube an ƙona masa mai. Inji in an ajiye shi dab da bakin ruwa ya fi sauƙin zuƙa a kan wanda aka ɗora can bisa tudu. Matatar iska da ƙura ta toshe, tsohon fulogi, baƙin man da ya shekara ba a juye ba, duk suna ƙara masa ci. Filin da ba a baje shi daidai ba kuwa, sai an nutsar da kwari kafin ruwa ya hau tudu.

Masu shinkafa suna da babbar dama a nan. An saba ganin cewa dole shinkafa ta kwana ta yini cikin ruwa, alhali ba kullum take bukatar haka ba. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta yaɗa wata dabara mai sauƙi. A sami guntun bututun roba mai tsawon kamar santimita 30, a huhhuda rabinsa na ƙasa, a kafa shi a gona, a kwashe ƙasar cikinsa. Bayan shuka ta kama, sai a bar ruwa ya janye, ana leƙa bututun. Ba za a tayar da inji ba sai ruwan cikinsa ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, kusan tsawon tafin hannu. Lokacin da shinkafa ke fitar da kai ne kawai ake barin ruwa ya tsaya a kanta. Gwaje-gwaje sun nuna ana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba. A lissafin da aka yi a sama, wannan ya haura lita 100, a kuɗin guntun bututu kawai.

A gida da shago ma haka: ƙwan lantarki na zamani mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Ɗan kabu-kabun da ke duba iskar tayarsa yana tsira da wani abu a kowane mako. Mata masu turara shinkafa da ke hura wuta da ɓuntunta sun rage sayen itace, a jihar da ke cikin jihohi 11 da ake yaƙi da gurgusowar hamada.

Gas, rake da darasin maƙwabta

Bayan cire tallafi, makanikai sun shiga sauya wa janareta da injin ban ruwa kafireto don su yi aiki da tukunyar gas ta girki. Ya yi wa wasu sauƙi, inji kuma ya fi tsabta, sai dai shi ma wannan gas ɗin farashinsa na bin dala, kuma yoyonsa kusa da wuta ba wasa ba ne. Gwamnatin tarayya ta fi mayar da hankali ga wani gas ɗin daban, wanda ake matsewa a tukunya don motoci, da aka sani da CNG. Nijeriya na da shi jibge a ƙarƙashin ƙasa, kuma a 2020 aka fara shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano. Kebbi ba ta kan wannan layi, saboda haka direban Jega zai daɗe yana jin labarin kafin abin ya wadata a tasharsa.

Lokacin da farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu a 1973 zuwa 1974, Nijeriya na cikin masu murna. Barazil kuwa, da yake saye take yi, ta ji jiki, sai a 1975 ta ƙaddamar da shirin yin man mota daga rake. Yau yawancin ƙananan motocin da ake sayarwa a can suna iya shan fetur ko man rake, duk wanda ya fi araha a ranar. A 2017 kamfanin NNPC da gwamnatin Kebbi sun sa hannu a yarjejeniyar yin irin wannan mai daga rogo da rake. Irin wannan aiki na cin shekaru da jari mai yawa, mai lambu ba zai jingina noman bana da shi ba.

Misalin da ya fi kusa yana ƙetaren iyaka. Layin wutar da ke tasowa daga madatsar Kainji yana biyowa ta Birnin Kebbi ya wuce Yamai, kuma an daɗe Nijar na samun kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga nan. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 a Nijar aka katse layin, Yamai ta shiga duhu na watanni. Abin da ya ɗan sassauta mata shi ne tashar sola mai megawat 30 ta Gorou Banda, wadda aka hanzarta kunnawa kafin ƙarshen shekarar. A Satumba 2023 gobara ta kama tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi, Kebbi da Sakkwato su ma suka ɗanɗana. Shagon da ke da faranti a rufinsa a waɗannan kwanaki shi ne aka yi wa layin cajin waya.

Aikin aji

Ɗalibai su rabu gida uku ko huɗu, a tabbata kowane rukuni akwai mai noman rani a ciki. Shi zai faɗi litar da yake ƙonawa a ban ruwa ɗaya da yawan ban ruwan da yake yi daga dashe zuwa girbi, sauran su fitar da jimillar lita da kuɗinta a farashin wannan mako. Daga nan mutum ɗaya ya je shagon masu sola biyu a kasuwa ya tambayo farashin injin da zai ɗauki irin wannan fili, a raba da kuɗin man shekara, a ga shekara nawa zai yi kafin ya biya kansa, in na mutum ɗaya ne da kuma in na mutum uku ne.

Wanda ba ya noma ya yi lissafin a kan baburinsa, ko injin niƙa, ko janaretan shago. Mata su yi a kan itace ko gawayin da gida ke ci a wata. A zo da takardar a darasi na gaba, a rubuta a samanta kwanan wata da farashin lita a gidan mai da kuma a wurin 'yan bunburutu.